Albarushi Ba Ya Son Gaggawa

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Akwai wani malami, mutumin ƙasar Zazzau, wanda neman ilmi ya kai shi Amurka tun yana saurayi, zama kuma ya kama shi a can har furfura ta cim masa yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare kusa da birnin Hatfod na jihar Konetikat. Shi nasa baƙin tsumman shi ne warin albarushi. Ko wasan wuta ake yi daren 4 ga watan Yuli, watau ranar da Amurkawa ke bikin samun mulkin kansu, sai ya rufe tagogi ya zauna ciki, iyalinsa kuwa ba su taɓa sanin dalili ba.

Dalilin kuwa daɗaɗɗe ne. Mahaifinsa ɗan bindiga ne cikin jama'ar wani hakimi, irin mutanen nan da ke shiga gaban dawaki ran hawan Salla suna sakin wuta sama har ƙasa ta amsa. Bindigarsa ta gargajiya ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wani maƙeri ya haɗa ta da bututun ƙarfe. Aikin yaron, yana ɗan shekara tara, shi ne riƙon gorar albarushi. Wata Salla kiɗa ya matso, dokin hakimi ya kusa kawowa, sauran 'yan bindiga duk sun gama ɗuri, sai uban ya miƙo bakin bindiga ya ce, "Zuba, kai yaro, zuba maza!" Yaro ya kafa gora ya zuba, ba awo ba mudu. Uban ya cusa tsumma, ya danna da sandar ɗuri sau ɗaya ko biyu, ya ɗaga sama. Ƙarar da ta biyo baya ba irin wadda aka saba ji ba ce. Bututun ya tsage daga gindi, ya tafi da yatsu uku na hannun hagu.

Jama'a suka taru suka ce tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Uban ma haka ya ce, har ya bar duniya bai taɓa ɗora wa ɗansa laifi ba. Amma shi yaron ya san hannun da ya zuba, ya kuma ɗauki wannan kaya a ransa fiye da shekara hamsin bai sauke wa kowa ba.

GARIN DA BINDIGA TA GINA

Abin mamaki, duk faɗin Amurka bai sami wurin zama ba sai garin masu ƙera bindiga. A Hatfod aka haifi Samuel Colt a 1814, mutumin da a 1836 ya sami takardar mallakar fasaha a kan ƙaramar bindigar nan mai juyawa wadda Hausawa ke kira libarba. Kafin wannan zamani yawancin bindigogi harbi ɗaya suke yi, sa'an nan mai ita ya tsaya ɗuri ko ya ranta a na kare, abin da ya sa a ƙasar Hausa ake kiran irinsu harba-ka-ruga. Dabarar da Colt ya inganta ita ce sa wata 'yar gangar ƙarfe mai ramuka a bayan bututun bindiga, kowane rami da nasa ɗurin. Duk sa'ad da aka ja 'yar gudumar da ke bayanta, sai gangar ta juya ta kawo sabon rami daidai da bututu.

Masana'antarsa ta farko a garin Patason na jihar Niyu Jasi ta karye a 1842. Yaƙin Amurka da Meziko ne ya tashe shi, sa'ad da aka ba shi kwangilar libarba 1,000 a 1847, wata ƙatuwa mai nauyin kilo biyu da aka sa wa sunan Kyaftin Samuel Walker. Gangunan da yawa daga cikinsu sun fashe a hannun sojoji, domin ramukansu na cin albarushi mai yawa, ƙarfen zamanin kuwa bai kai na yau ƙwari ba. Daga baya Colt ya kafa babbar masana'anta a garinsu, a bakin kogin Konetikat. Ya mutu a watan Janairu na 1862, ana cikin yaƙin basasar Amurka wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. Gobara ta cinye masana'antar a 1864, matarsa Elizabeth ta sāke gina ta. Ginin yana nan har yau da shuɗiyar ƙubbarsa mai taurari, ko da yake an daɗe da daina ƙera bindiga a cikinsa. Malamin yakan wuce ta gefensa a mota, bai taɓa sha'awar tsayawa ba.

TSOHON MAƘWABCI

Gidan da ke jikin nasa na wani tsohon Bature ne wanda ya yi aikin injin sassaƙa ƙarfe har ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu garuruwa. Autan malamin, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, shi ke kwashe masa ƙanƙara daga ƙofar gida da hunturu. Wata rana yaron ya dawo fuskarsa cike da murna ya ce, "Baba, tsohon nan yana da libarbar kakan mahaifinsa, wadda ya riƙe a yaƙin basasa. Ya ce in ka yarda zai koya mini yadda ake harba ta."

Malamin ya ce, "Ban yarda ba."

"Baba, don me?"

"Auta, na ce ban yarda ba."

Yaron ya yi shiru don ladabi, amma uban bai yi barci ba a daren nan. Shi malamin makaranta ne, ya san hanin da ba a faɗi dalilinsa ba ba ya daɗewa a kunnen saurayi. Ya kuma san ƙasar da yake zaune, inda bindiga ba abin wahalar gani ba ce. Nan da shekara ɗaya ko biyu yaron zai bar gida, in kuwa sha'awar tana nan, wani ne zai koya masa, wataƙila wanda bai kai tsohon nan hankali ba.

Bayan kwana biyu tsohon ya ƙwanƙwasa ƙofa da kansa. Ya ce, "Maƙwabci, ɗanka ne, kana da iko ka hana, ni kuwa ba zan tsallake maganarka ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo kai kaɗai ka ga yadda nake yi. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, magana ta mutu." Malamin ya rasa hanyar ƙi, domin kunyar maƙwabci ta fi ƙarfin tsoro.

DARASIN FARKO BABU WUTA

A ɗakin aikin tsohon babu ko ƙwayar albarushi a kan tebur. Bindigar kaɗai ce kwance bisa wani ƙyalle, ƙarfenta ya koma ruwan toka don tsufa. Colt ce samfurin 1851, wadda ake kira Navy, watau ta sojan ruwa, a jikin gangarta kuma akwai sauran zanen wani yaƙin jiragen ruwa da aka yi tsakanin Tekzas da Meziko a 1843. An ƙera irinta fiye da 200,000 a Hatfod kaɗai kafin a daina a 1873. Bututunta inci bakwai da rabi ne, mai kusurwa takwas, nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya, ramukanta shida. Ba ta cin harsashi irin na zamani mai kwanson tagulla. Kowane rami ta baki ake ɗura masa albarushi da dalma, a bayansa kuma akwai ɗan tsini mai huda inda ake kifa wata 'yar hular tagulla mai ɗauke da maganin da ke kamawa in guduma ta doke shi. Asalin wannan dabara na wani limamin Kirista ne ɗan Sikotland, Alexander Forsyth, mai son farautar agwagin ruwa, wanda ya yi rajistar fasaharsa a 1807. Da malamin ya duba da kyau sai ya gane abin da ke gabansa: bindigogin mahaifinsa ne guda shida aka rage musu tsawo aka ɗaure wuri ɗaya.

Tsohon ya zare bututun, ya ɗaga shi ga haske ya duba, ya fitar da gangar, ya ɗauki wani ɗan tsinken itace mai alama ya zura a kowane rami ɗaya bayan ɗaya, har alamar ta zo daidai baki. Malamin ya ce, "Dattijo, ai kai ka ajiye ta, ka san ba kome a ciki." Tsohon ya ce, "Na sani. Amma tsinken nan ya fi ni sani." Sa'an nan ya ba shi labari cewa ranar da ya gāji bindigar, daga cikin wani tsohon akwati a gidan gwaggonsa, ramuka biyu a ɗure suke, ba kuwa wanda ya san hannun da ya ɗura su. Yaran gidan sun sha wasa da ita. Sai da maƙerin bindigogi ya jiƙa ramukan ya zaro dalmar da wani ƙarfe mai murɗi.

Wannan shi ne abu na farko da mai tsohuwar bindiga ya kamata ya sani. Albarushi haɗin gawayi ne da farar wuta da wani irin gishiri, in kuwa bai sha ruwa ba, shekaru ba sa kashe shi. A 2008, a jihar Bajiniya, wani mai tara kayan tarihi ya rasa ransa sa'ad da wani harsashin igwa na zamanin yaƙin basasa ya fashe yana cikin gyaransa, bayan fiye da shekara 140 da ɗura shi. Mutum yakan tsufa, ƙarfe ma yakan tsufa, amma albarushi yana nan da ƙuruciyarsa.

Abu na biyu kuwa shi ne tsufan ƙarfen. Kafin tsohon ya taɓa sa mata wuta sai da maƙerin ya bincika ko akwai tsaga a gangar, ko tsatsa ta ci bangon ramukan, ko kowane rami yana tsayawa daidai da bututu in an ɗana, ya kuma sauya tsinayen da suka lalace. Duk da haka, sau ɗaya kurum yake harba ta a shekara, da ɗuri mai sauƙi. Sauran lokaci yana amfani da sabuwar kwafinta, irin waɗanda kamfanin Uberti na ƙasar Italiya ya fara ƙerawa a 1959 da ƙarfen zamani. Masana da yawa ma cewa suke yi a bar tsofaffin su huta gaba ɗaya.

Abu na uku ya faɗe shi yana buga tebur da yatsa. Tun 1884, sa'ad da wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙago maganin bindiga marar hayaƙi, akwai iri biyu a duniya. Na zamanin ya fi albarushi ƙarfin matsi nesa ba kusa ba, kuma kamanninsa na iya ruɗin wanda bai sani ba, domin shi ma yakan zo da duhun launi. Duk wanda ya zuba shi a bindigar albarushi, tsohuwa ko sabuwa, ya haɗa bam ne a tafin hannunsa. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ake dubawa, ba launi ba.

Malamin ya koma gida ya ce wa ɗansa, "Ran Asabar za mu je tare. Kallo kaɗai za ka yi."

RANAR ƊURI

Filin koyon harbin yana bayan gari, da babban tudun ƙasa a bayan allunan da ake auna. Tun kafin a buɗe akwati tsohon ya ba kowa tabarau mai kauri da abin toshe kunne, domin 'yan hulunan tagullar nan sukan farfashe su yi tsalle, ya kuma tabbatar ba mai shan taba kusa. Ya fara da kifa hula a kan kowane tsini ya harba ba tare da albarushi ba, bakin bindiga yana duban tudu, don wutar ta ƙone sauran man da ya taru a hudar. Bayan haka ya ja gudumar rabi, inda kunama ba ta aiki amma ganga na juyawa, ya tsai da bindigar a kan wani ɗan katako bakinta sama, ya kau da fuskarsa gefe.

Ya ɗauko gorar albarushi, ta tagulla. Gaban malamin ya faɗi. Amma tsohon bai kai ta kusa da bindigar ba. Sai ya zuba a wani ɗan mudu wanda bai fi kan ɗan yatsa ba, ya rufe gorar, ya ajiye ta can baya, sa'an nan ya juye mudun a rami. Awon shi ne giren 15, watau kusan giram ɗaya. Sabuwar kwafin takan ci 20 ko fiye, amma tsohuwa ba a matsa mata. Ya ce dalilin mudu biyu ne. Na ɗaya, ido ba ya awo, balle idon mai sauri. Na biyu, bayan harbi wani ɗan garwashi kan iya maƙalewa a rami. In mudu ne a hannunka, giram ɗaya zai kama ya babbake maka gashin hannu, in kuwa gora ce, ita duka za ta tashi.

A kan albarushin ya ɗora ɗan guntun ulu mai kauri wanda ya sha kitsen rago da kakin zuma. Sa'an nan ya ɗauko mulmulalliyar dalma mai nauyin kimanin giram 5, wadda da gangan aka yi ta ta ɗan fi bakin ramin faɗi. Ya juya gangar har ramin ya zo ƙarƙashin sandar ɗurin da ke maƙale a bututu, ya danna a hankali. Bakin ramin ya aske wani siririn zoben dalma ya bar shi waje. Tsohon ya ɗauki zoben ya ɗora a tafin yaron ya ce, "In ba ka ga wannan ba, harsashin ya yi ƙanƙanta, kada ka harba." Zoben shi ne shaidar cewa ramin ya toshe sarai, wutar maƙwabcinsa ba za ta sami hanyar shiga ba.

Abin da ake gudu a nan shi ne wuta ta tsallaka daga ramin da aka harba zuwa na kusa da shi, biyu ko uku su tashi lokaci guda, alhali ɗaya kaɗai ke daidai da bututu. Takan shiga ta gaba in dalma ta yi sako-sako, takan kuma shiga ta baya in hula ba ta kama tsini sosai ba. Shi ya sa ba a taɓa barin yatsa ya wuce gaban ganga. Kamfanin Colt ya taɓa yin doguwar bindiga mai irin wannan ganga, samfurin 1855, sojoji kuwa suka ƙi jininta, domin mai doguwar bindiga dole hannunsa na hagu ya kasance a gaba, daidai hanyar da dalma za ta bi in wuta ta tsallaka.

Ya ci gaba da dannawa har ya ji dalmar ta zauna a kan albarushi. Ya ce kada a bar sarari tsakaninsu ko kaɗan, domin sarari yakan sa matsi ya taru wuri guda ya kumbura ƙarfe ko ya tsaga shi. In ɗurin kaɗan ne har sandar ba ta kai ba, sai a cike gurbin da garin masara. Ramuka biyar ya ɗura, ya bar na shida fanko don gudumar ta kwanta a kansa, saboda in bindiga ta suɓuce ta faɗi gudumarta tana kan hula, ba ta jiran a taɓa kunama.

Hulunan su ne na ƙarshe, ba kuwa a kan tebur ba, sai da ya je ya tsaya a layin harbi bakin bindiga yana duban tudu. Ya kifa kowace, ya ɗan danna ta da guntun itace maimakon babban yatsa. Malamin ya duba agogo, ɗurin ya ci fiye da minti biyar. Ya tuna mahaifinsa ya yi nasa kafin doki ya yi taku goma.

MINTI ƊAYA

Tsohon ya harba biyu. Farin hayaƙi ya turnuƙe, warin nan ya bugi hancin malamin, gwiwoyinsa suka yi sanyi. Sai ya ji an ce, "Maƙwabci, saura uku. Ko za ka karɓa?" Ya dubi ɗansa, ya ga yaron yana dubansa. Ya miƙa hannu.

Ya riƙe kamar yadda aka nuna masa, ya ja gudumar har ƙarshe, ya auna, ya taɓa kunama. Hular ta yi ƙara ƙas, bindiga ba ta tashi ba. Nan take hannunsa ya fara juyowa don ya ga abin da ya faru, sai ya ji tafin tsohon a kafaɗarsa. "Kada ka motsa. Bar bakinta inda yake. Ƙirga sittin." Wani lokaci wutar hula takan shiga ta yi ta cin albarushi a hankali, musamman in ya sha danshi ko mai, sai bindigar ta tashi bayan mai ita ya fid da rai. Mutane da yawa sun ji rauni a wannan ɗan tsakani, don sun saukar da hannu ko sun leƙa.

Malamin ya shiga ƙirga, da Hausa, harshen da ya fara koyon ƙirga da shi. Bai taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Hannunsa na rawa, gumi na bin bayansa, amma bakin bindiga bai bar tudun ba. Da ya kai sittin, tsohon ya karɓa, ya cire fasasshiyar hular, ya zura siririn ƙarfe ya buɗe hudar tsinin, ya sa sabuwa, ya mayar masa. Wannan karon ta tashi, ta ɗan tura hannunsa sama a hankali, ba da zafin da ya zata ba. Ya dubi yatsunsa. Duk suna nan.

Kafin su tashi tsohon ya ƙara musu ɗaya: in harbi ya fita da ƙara mai rauni, a tsaya, domin mai yiwuwa dalmar ta maƙale a bututu, wadda za ta biyo ta kuwa ba ta da hanya.

RUWAN ZAFI DA SABULU

Aiki bai ƙare a fili ba. Fiye da rabin albarushin da aka ƙona hayaƙi da toka yake zama, tokar kuma tana jan danshi, in ta kwana a ƙarfe sai tsatsa. Da yamma suka zauna a ɗakin aikin tsohon, aka warware bindigar, aka wanke bututu da ganga da ruwan zafi da sabulu, aka busar, aka shafa maiko, kowa kuma ya wanke hannu sosai saboda gubar dalma. Ruwan wankin ya yi baƙi, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Warin zauren gidansu ke nan daren Salla, sa'ad da mahaifinsa ke wanke tasa. A nan, yana goge gangar da ƙyalle, malamin ya ba da labarin da bai taɓa ba kowa ba, ɗansa yana ji.

Tsohon ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Ni ƙarfe na sani, bari in gaya maka abin da ƙarfe ya koya mini. Bututun da aka yi shi don bindiga, in lafiyayye ne, yakan jure ɗan ƙarin albarushi. Yawancinsa ma waje yake fita yana ci. Abin da ba ya jurewa shi ne tsohuwar tsaga, da toshewa, da sarari a cikin ɗuri. Bututun mahaifinka ba don wannan aiki aka yi shi ba, ka kuma ce sau ɗaya ko biyu ya danna. Ga masu laifi nan tun kafin a zo kanka. Kai kuwa an ba ka gora, ba a ba ka mudu ba, aka ce ka yi sauri. Yaro ɗan shekara tara ya yi abin da aka sa shi."

Malamin bai amsa ba, sai da ya gama goge ramukan shida ɗaya bayan ɗaya. Yaron ne ya ce, "Baba, shi ya sa ba ka fita kallon wasan wuta?" Ya ce, "Shi ya sa, Auta."

Tsautsayi gaskiya ne, ba mai musun haka. Amma sau da yawa in aka bi sawun abin da ake kira tsautsayi, sai a tarar da wani ɗan mataki da aka tsallake: tsinken da ba a zura ba, mudun da ba a ɗauka ba, mintin da ba a jira ba. Tsoro kuma ba ya maye gurbin waɗannan. Shekara hamsin malamin yana tsoron albarushi, amma ranar da bindiga ta ƙi tashi a hannunsa, tsoron nan ne ya so ya juyo da bakinta, abin da aka koya masa ne ya tsai da shi. Ya gane cewa da ya dage a kan hani, tsoron kaɗai zai bar wa ɗansa gādo, ba tare da sanin da ke kiyaye yatsu ba.

Ya kamata mai karatu ya san cewa kowace ƙasa da dokarta. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta ɗauki bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, ko da yake jihohi suna da nasu ƙa'idodin. A Nijeriya kuwa dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba, har da mai cin hula irin wannan, cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar gargajiya ma ana iya wajabta wa mai ita neman lasin daga 'yan sanda. Amma albarushin da ke cikin gorar ɗan bindiga ran hawa, ko ta maharbi a daji, shi ne dai wanda ke cikin gorar tsohon nan, halinsa kuma ɗaya ne a ko'ina.

Asabar ta biyu yaron ya fara koyo da sabuwar kwafin, makonni uku yana ɗuri ba a ba shi izinin harbi ba. Malamin kuwa ya roƙi maƙwabcinsa ya sassaƙa masa mudu na tagulla, babba, daidai da doguwar bindiga. A can gida ɗan ƙanensa ne ya gāji matsayin mahaifinsu cikin 'yan bindigar hakimi, shi ma yana da ɗan yaron da ke riƙe masa gora. Da aka sami mai tafiya gida kafin Salla, sai ya naɗe mudun a ƙyalle tare da tabarau biyu, babba da ƙarami, ya haɗa da 'yar takarda. A ciki ya rubuta cewa a kai bindigar wurin maƙeri ya duba ta kafin hawa, a zuba da mudu, a danna har ya zauna, a kuma matsar da yaron baya kafin a ɗaga. A ƙarshe ya ƙara da cewa in dokin hakimi ya kawo ba a gama ɗuri ba, a bar shi ya wuce.